Agajin da ke Ƙarasa Zuciya: Tarihin Wata Fahimta a Ilimin Likita

Akwai wata cuta da kowane gari ya san kamanninta ko da bai san sunanta ba. Mutum ya fara haki idan ya hau ɗan tudu ko ya ɗauki kaya, daga baya ya riƙa haki ko yana zaune. Ƙafafunsa su kumbura, har idan an danna da yatsa gurbin ya tsaya. Cikinsa ya ɗauki ruwa, da dare kuma ya kasa miƙewa sai dai ya jingina da bango, domin da zarar ya kwanta numfashi ke sarƙe masa. Likitoci suna kiran wannan hali gazawar zuciya, wato zuciya tana nan tana bugawa, amma ba ta iya tura jinin da zai ishi jiki. Cutar daɗaɗɗiya ce, sai dai fahimtar da ake maganinta da ita a yau ba ta kai shekara 50 da kafuwa ba. Fahimtar kuwa ita ce: babban abin da ke ƙarasa zuciyar da ta raunana shi ne agajin da jiki da kansa yake kawo mata. Kafin a kai ga wannan magana an bi hanyoyi biyu na bincike da suka daɗe ba su haɗu ba, ɗaya ta jijiyoyin saƙo, ɗaya ta sinadaran da ke yawo cikin jini.

Zamanin ruwa da famfo

Tun ƙarni na 13 Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira, ya bayyana cewa jini yana bi ta huhu ne kafin ya wuce daga ɓarin dama na zuciya zuwa na hagu. A 1628 William Harvey na Ingila ya nuna cewa jinin nan guda ne yake kewaya jiki, zuciya kuma ita ke tura shi. Duk da haka an ɗauki lokaci mai tsawo ana kallon kumburi a matsayin cutar ruwa kawai. Maganinsa shi ne a fitar da ruwan ta kowace ƙofa: a tsaga jijiya a zubar da jini, a ba da maganin zawo, ko kuma, daga 1877, a soka ƴan siraran bututu na azurfa a ƙafar da ta kumbura ruwan ya riƙa ɗiga.

A 1785 William Withering, wani likita a Birmingham, ya wallafa sakamakon shekara 10 da ya yi yana gwada ganyen wani tsiro da ake kira dijitalis a kan majinyata 163. Ganyen ya sa masu kumburi fitsari, ya kuma daidaita bugun zuciyarsu. Daga nan dijitalis ya zama sarkin magungunan zuciya har kusan shekara 200. A wajen 1920 aka gano a Biyana cewa wasu allurai masu sinadarin zaiba suna sa fitsari sosai, sannan a shekarun 1960 furosemid ya fito, wanda majinyata a asibitocinmu suka fi sani da sunan Lasilix.

Saboda haka har tsakiyar ƙarni na 20 tunanin likita a kan wannan cuta bai wuce abu biyu ba. Ruwa ya yi yawa, a rage shi. Famfo ya yi rauni, a ƙarfafa shi. Majinyaci yakan sami sauƙi, kumburi ya saɓe, ya koma gida, bayan ƴan watanni ya dawo. Tambayar da ba a amsa ba ita ce: me ya sa ƙoda, wadda lafiyarta ƙalau, take riƙe gishiri da ruwa a jikin da ruwa ya riga ya yi wa yawa?

Masu gadin wuya

Hanya ta farko ta fara ne da awon matsin jini, abin da muke kira tansiyo. A 1733 Stephen Hales, wani limamin coci a Ingila, ya ba da labarin yadda ya sa dogon bututun gilashi a jijiyar goɗiya, jini ya hau cikinsa sama da mita 2 da rabi. A 1828 Poiseuille na Faransa ya sauƙaƙa awon da ma'aunin zaiba. Ɗamarar hannun da kowa ya sani a yau ta fito ne daga Riva-Rocci na Italiya a 1896, Korotkoff na Rasha kuma ya ƙara mata hanyar sauraro a 1905.

Da aka iya awo sai aka ga abin mamaki. Matsin jini ba ya tafiya sakaka, akwai abin da ke riƙe da shi. A 1845 ƴan uwa biyu, Ernst da Eduard Weber, suka nuna cewa idan aka taɓa wata doguwar jijiyar saƙo da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa, wadda ake kira bagus, zuciya takan sassauta gudu. A farkon shekarun 1850 Claude Bernard ya yanke wata jijiyar saƙo a wuyan zomo, sai kunnen wannan ɓarin ya yi ja ya ɗau zafi, domin hanyoyin jininsa sun buɗe. Wannan ya nuna akwai wasu jijiyoyin saƙo, na tsarin da ake kira simpatik, da ke matse hanyoyin jini a kowane lokaci. Ke nan zuciya da hanyoyin jini suna da linzami suna kuma da ƙaimi: bagus ke ja, simpatik ke zaburarwa.

To wane ne ke gaya wa mahayin lokacin ja da lokacin zaburarwa? A 1859 Étienne-Jules Marey ya lura cewa idan matsin jini ya hau, bugun zuciya yakan ragu, idan ya sauka kuma bugun ya ƙaru. A 1866 a Leipzig, Cyon da Ludwig suka gano wata jijiyar saƙo a jikin zomo wadda idan aka taɓa ta matsin jini ke faɗuwa. A wannan lokacin ne kuma Czermak ya lura cewa idan ya danna gefen wuyansa bugun zuciyarsa yana raguwa, amma ya zaci bagus yake dannawa. Sai a 1924 Heinrich Hering, a birnin Kolon na Jamus, ya tabbatar da ainihin wurin: wani ɗan kumburi ne a jikin babbar jijiyar jinin wuya, karotid, daidai inda ta rabu biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi. A bangon wannan wuri, da kuma a lanƙwasar babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, akwai ƙananan bakunan jijiyoyin saƙo masu jin miƙewar bango. Corneille Heymans na birnin Gand a Beljik ya ƙarasa hujjar da gwajin karnuka biyu: ya sa jinin kare ɗaya ya riƙa ciyar da kan ɗayan, alhali kan ba ya haɗe da gangar jikinsa sai ta jijiyoyin saƙo. Da aka ɗaga matsin jini a cikin kan, sai zuciyar da ke cikin gangar jikin ta sassauta. An ba shi kyautar Nobel ta 1938 saboda aikinsa a kan waɗannan wurare, musamman yadda suke daidaita numfashi.

Ga yadda abin yake aiki. Duk bugun zuciya yana miƙa bangon jijiya, masu gadin nan kuma su aika saƙo zuwa gindin ƙwaƙwalwa. Saƙon nasu na tsawatarwa ne: muddin yana zuwa da ƙarfi, ƙwaƙwalwa tana riƙe da linzami. Idan mutum ya miƙe tsaye farat ɗaya, jini ya gangara ƙafafu, matsi ya ragu a wuya, saƙon ya yi rauni, nan take a saki linzami a sa ƙaimi, zuciya ta ƙara gudu, hanyoyin jini su tsuke. Duk wannan cikin daƙiƙa kaɗan yake faruwa, ba da sanin mutum ba. Ɗan jirin da akan ji idan an tashi da sauri bayan dogon zama shi ne tazarar da ke tsakanin faɗuwar matsi da isowar gyara.

Ƴan aiken cikin jini

Hanya ta biyu ta bi ta sinadarai. A 1895 Oliver da Schäfer a Landan suka wallafa cewa ruwan da aka tatsa daga wata ƴar tsoka da ke zaune bisa ƙoda yana ɗaga matsin jinin kare ƙwarai. A 1901 Takamine, ɗan ƙasar Japan da ke aiki a Amurka, ya tace sinadarin, aka san shi da adirenalin. A 1905 Ernest Starling ya raɗa wa irin waɗannan sinadarai sunan homon, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar zaburarwa. Homon ɗan aike ne: wata gaɓa ke sakinsa cikin jini, ya kai umarni ga wata gaɓa mai nisa.

A 1898 a Sitokholm, Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman suka niƙa ƙodar zomo, suka yi wa wani zomon allurar ruwanta, matsin jininsa ya hau. Suka kira abin da ke ciki renin. Masu bincike da dama sun kasa maimaita gwajin yadda ya kamata, aka yi watsi da maganar fiye da shekara 30. Sai a 1934 Harry Goldblatt a Cleveland ya matse jijiyar da ke kai jini ƙodar kare da wani ɗan maƙalli, karen ya kamu da hawan jini mai ɗorewa. Wannan ya tayar da tsohon zance. Tsakanin 1939 da 1940 ƙungiyoyi biyu, ta Braun-Menéndez a Buenos Aires da ta Irvine Page a Indianapolis, suka gano, kowace a nata gefen, cewa renin da kansa ba ya matse jijiya, wani sinadari yake yankowa daga cikin jini wanda shi ke yin aikin. Kowace ƙungiya ta ba shi nata suna, aka yi shekaru ana amfani da sunaye biyu, sai a 1958 suka ɗauki rabin wannan da rabin wancan suka haɗa anjiyotansin. A 1956 Leonard Skeggs da abokan aikinsa sun riga sun nuna cewa sinadarin yana da siffa biyu, akwai kuma wani makami a jiki da ke juya ta farko mai sanyi zuwa ta biyu mai zafi. A 1953 kuma Sylvia Simpson da James Tait, tare da Reichstein na Suwis, suka tace aldosteron, homon ɗin da ke umartar ƙoda ta riƙe gishiri. A 1946 Ulf von Euler ya nuna cewa abin da jijiyoyin simpatik ke saki a bakinsu shi ne noradirenalin.

Idan aka jera su sai sarƙar ta fito fili. Jinin da ke isa ƙoda ya ragu, ko kuma simpatik ya zabure ta, sai ta saki renin. Renin ya haifar da anjiyotansin. Shi kuma ya matse hanyoyin jini, ya tayar da ƙishirwa, ya sa a saki aldosteron. Ƙoda ta riƙe gishiri, gishiri ya riƙe ruwa. Daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa kuma wani homon, bazopiresin, ya sauko ya rage fitsari.

Abin da aka tanadi rundunar dominsa

Wannan tsari rahama ne ga mai rai. Matar da ta zubar da jini wajen haihuwa, yaron da zawo ya tsotse, matafiyin da ruwa ya ƙare masa a Tenere, dukansu wannan runduna ce ke riƙe da ransu har agaji ya iso. Jini ya ragu, matsi ya faɗi, masu gadin wuya suka yi shiru, zuciya ta ƙara gudu, aka tsuke hanyoyin fata da hanji domin jinin da ya saura ya tafi ƙwaƙwalwa, ƙoda ta hana ko ɗigo fita a banza. Bayan awoyi ko kwanaki kaɗan, in an sha ruwa ko an ɗaure raunin, kowa ya koma mazauninsa.

A shekarun 1980 Peter Harris, likitan zuciya a Landan, ya jawo hankali ga abin da ke biyo baya idan zuciya ce ta raunana. Masu gadin wuya da ƙoda matsi da gudun jini suke ji, ba su da hanyar sanin dalilin raguwarsu. Zuciyar da ta gaza da jinin da ya zuba duk saƙo ɗaya suke kai musu. Saboda haka jiki yakan amsa gazawar zuciya kamar yadda zai amsa sarar takobi: ya tara ruwa, ya tsuke hanyoyi, ya zaburi zuciya. Ruwan da aka tara shi ke cika huhu da ƙafafu. Hanyoyin da aka tsuke su ne zuciyar za ta tura jini ta cikinsu da ƙarin wahala. Tun da kuwa raunin ba ya warkewa, ba a taɓa sallamar rundunar ba, tana nan a tsaye wata da watanni.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

Hujjojin sun taru ne sannu a hankali a bakin gadon majinyata. A 1946 Arthur Merrill a Atlanta ya nuna cewa jinin da ke ratsa ƙodar masu gazawar zuciya ya ragu ƙwarai, ƙodar kuma tana sakin renin. A 1962 Chidsey da Braunwald da abokan aikinsu suka ga noradirenalin yana hawa fiye da kima a jinin waɗannan majinyata idan sun motsa jiki. A 1971 Dwain Eckberg, tare da Braunwald, ya ɗaga matsin jinin mutane da allura yana ƙirga yadda zuciya za ta sassauta. A wurin masu lafiya ta sassauta sosai, a wurin masu ciwon zuciya kuwa da ƙyar ta motsa. Wato masu gadin wuya sun dushe, linzami ya saki. A 1986 aka soka siririyar allura cikin jijiyar saƙo ta ƙafar majinyata a Iowa, aka ji da na'ura yadda simpatik ke ta aika umarni ba hutu.

Bincike a kan dabbobi da mutane ya nuna kuma cewa hanyoyin biyu ciyar da juna suke yi. Simpatik yana sa ƙoda ta saki renin. Anjiyotansin yana shiga wasu wurare na ƙwaƙwalwa ya ƙara wa simpatik wuta, ya kuma rage yadda take sauraron masu gadin wuya. Aldosteron ma yana dusashe su. Bayan haka sinadaran suna yi wa naman zuciyar kansa illa: noradirenalin mai yawa yana kashe ƙwayoyinsa yana kuma jawo rikicewar bugu, anjiyotansin da aldosteron suna sa tabo ya maye gurbin tsoka, zuciya ta buɗe ta yi laushi. A 1982 Michael Bristow ya nuna cewa zuciyar da ta gaza tana rage ƙofofin da noradirenalin ke ƙwanƙwasawa, kamar wanda ya toshe kunne saboda yawan tsawa. A 1984 Jay Cohn ya bi majinyata 106, ya ga cewa iya yawan noradirenalin a jinin mutum iya kusancin ajalinsa.

Ita ma zuciya tana da nata ɗan aike. A 1981 Adolfo de Bold a Kanada ya yi wa ɓeraye allurar ruwan da ya tatsa daga ɗakunan sama na zuciya, suka fitar da gishiri da fitsari mai yawa. A 1988 aka gano ɗan uwansa a Japan. Waɗannan homon na zuciya suna buɗe hanyoyin jini suna fitar da gishiri, amma a gazawar zuciya rundunar da ke gaba da su ta fi su ƙarfi. Awon ɗayansu a cikin jini yana daga cikin hanyoyin tabbatar da cutar a yau.

Sai dai ganin abu daban, fassara shi daban. Yawancin likitocin shekarun 1960 da 1970 sun ɗauki wannan zaburarwa a matsayin sandar da zuciya ke dogarawa. Suna da hujja, domin idan aka cire ta farat ɗaya majinyaci yakan rikice. Don haka da James Black ya fito da magungunan da ke toshe ƙofofin noradirenalin a farkon shekarun 1960, littattafan likita suka rubuta cewa haramun ne a ba mai gazawar zuciya.

Hukuncin gwaji

A 1975 Finn Waagstein da abokan aikinsa a Göteborg ta Suwidin suka ba majinyata 7 wannan haramtaccen magani, kaɗan kaɗan, suka ga sun sami sauƙi. Ƙalilan ne suka yarda da su.

Ƙofa ta buɗe ne ta wani gefe. A Birazil akwai wani maciji da ake kira jararaka, wanda dafinsa ke kayar da matsin jini. A 1965 Sérgio Ferreira ya ware sinadaran da ke cikin dafin, daga baya a ɗakin binciken John Vane a Landan aka gano suna toshe makamin nan da Skeggs ya bayyana. A 1975 Cushman da Ondetti a Amurka suka ƙera ƙwayar da ke yin wannan aiki, kaptopiril. A 1987 aka wallafa gwajin da aka yi a ƙasashen arewacin Turai a kan majinyata 253 masu tsananin ciwo, da ɗan uwansa enalapiril. Cikin wata 6, kashi 44 cikin 100 na waɗanda ba su sha ba sun rasu, na waɗanda suka sha kuwa kashi 26. Aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, domin bai halatta a ci gaba da hana rabin mutanen maganin ba.

A ɗaya gefen, masu neman ƙarfafa famfo sun sami magani mai ƙarfi, milrinon, wanda ke sa zuciya ta matsa da kyau, awo ma ya nuna haka. Da aka gwada ƙwayarsa a kan majinyata 1,088, sakamakon 1991 ya nuna mutuwa ta ƙaru da kashi 28 cikin 100. Garin neman gira aka rasa ido. A 1992 Milton Packer ya tattara waɗannan darussa ya ce cutar tana ci gaba ne saboda jijiyoyin saƙo da homon, ko da famfon ne ya fara lalacewa. A 1997 aka auna tsohon sarki dijitalis a kan mutane 6,800: ya rage kwanciya asibiti, bai rage mutuwa ba. A 1999 manyan gwaje-gwaje biyu, na bisopirolol da na metopirolol, suka nuna cewa maganin da aka haramta yana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, shekara 24 bayan Waagstein. A wannan shekarar kuma aka ga cewa miligiram 25 na sipironolakton, tsohon magani mai arha da ke tare aldosteron, ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100 a gwajin mutane 1,663. A 2014 wani haɗin da ke tare anjiyotansin yana kuma kare homon na zuciya daga lalacewa ya fi enalapiril a gwajin mutane sama da 8,000.

Fahimtar tana da iyakarta. Wani magani mai suna moksonidin, wanda ke kashe wutar simpatik tun daga ƙwaƙwalwa, ya rage noradirenalin sosai amma ya ƙara mutuwa, aka tsayar da gwajinsa. Wata na'ura da ake dasawa ta riƙa taɓa masu gadin wuya da lantarki ta sami izini a Amurka a 2019: tana ƙara wa majinyaci ƙarfin tafiya, amma ba a nuna tana rage mutuwa ba. Magungunan da suka shigo daga 2019, waɗanda asalinsu na ciwon suga ne, suna taimako ta hanyoyin da suka wuce wannan bayani. Yawancin nasarorin nan kuma sun shafi nau'in cutar da zuciya ke kasa matsawa ne, nau'in da take ƙagewa ta kasa cika ya fi taurin kai.

Zariya da Yamai

Ƙasar Hausa tana da nata babi a wannan tarihi. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa, suka wallafa a 1978. Sun ƙiyasta cewa cutar tana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin, adadin da ya fi na ko'ina da aka sani. Sun danganta abin da al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa har kwana 40 ko fiye. Bayaninsu ya dace da abin da muka gani a sama, domin kanwa gishiri ce a wurin ƙoda, zafi kuma yana buɗe hanyoyin fata ya ƙara wa zuciya aiki. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun bi irin waɗannan mata a shekarun 1980 da 1990, suka kuma nuna a 1992 cewa sinadarin seleniyom ya yi ƙaranci a jininsu. Babban binciken da Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wanda aka wallafa a 2020, ya fi ɗora nauyin a kan rama, da talauci, da hawan jinin ciki, bai kuma sami al'adun jego a matsayin tushen cutar ba. Amma ko ba su ne tushe ba, zuciyar da ta riga ta raunana ba ta buƙatar ƙarin kanwa.

A nan ma homon ya shigo. A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner a Jamus ta nuna cewa wani gutsure na homon ɗin da ke kawo ruwan nono yana iya cutar da ƙananan hanyoyin jinin zuciya, a 2010 kuma aka gwada maganin da ke tsayar da shi a kan ƴan mata kaɗan a Afirka ta Kudu. Maganin yana ƙafar da nono, wannan kuwa ba ƙaramin hukunci ba ne a gidan da nonon uwa shi ne abincin jariri kaɗai.

Wani bincike na 2012 a ƙasashe 9 na Afirka, kan majinyata 1,006, ya nuna cewa matsakaicin shekarunsu 52 ne, kuma hawan jini ne sanadin kusan rabinsu. A Turai cutar tsofaffi ce, a nan tana kama masu ciyar da gida.

Kammalawa

Wannan tarihi yana da amfani ga duk gidan da ke da irin wannan majinyaci. Maganin fitsari shi ne wanda ake ganin aikinsa da ido, shi ya sa ake girmama shi. Magungunan da aka tabbatar suna tsawaita rai kuwa aikinsu a ɓoye yake, wani ma yakan sa mutum ya ji kasala a makonnin farko, domin da ɗan kaɗan ake farawa a riƙa ƙarawa. Wanda ya ajiye su ranar da kumburi ya saɓe, ko ranar da kuɗi suka yi wuya, ya sake sakin rundunar a kan zuciyarsa. Suna buƙatar awon jini lokaci lokaci saboda ƙoda, wasunsu kuma ba a ba mai ciki, don haka sha'aninsu na likita ne. Gishiri da kanwa da dunƙulen miya suna ƙara wa ƙoda abin riƙewa. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibupirofen, waɗanda ake saye a tire a bakin kasuwa, su ma suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa.

Daga renin na 1898 zuwa gwajin 1987 shekara 89 ne. Kaptopiril, enalapiril, bisopirolol da sipironolakton duk sun daɗe da zama magungunan gama-gari masu sauƙin kuɗi. Aikin da ya rage a Maraɗi da Damagaram da Tawa shi ne a auna tansiyon mutane tun kafin zuciya ta gaji, a kuma tabbatar wanda aka ɗora a kan waɗannan ƙwayoyi yana samunsu kowane wata ba yankewa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.